Malam Mako Shida

Takardar ta ce mako shida.
Malama Chundung ta tafi haihuwa, ni zan riƙe mata aji.
Daga Bukur na hau acaɓa da jaka ɗaya da rabin kwalin alli,
muka bar kwalta, muka bar turakun lantarki,
muka ratsa duwatsun da ke ɗore wani kan wani
kamar mai jera su ya je shan ruwa bai dawo ba.

Wannan ce makaranta ta biyar a bana.
Na iya shiga gari yanzu:
a gaida mai gari, a tambayi rijiya,
kada a ce wa kowa za a dawo.

Ranar farko na buɗe rajista,
harshena ya yi tuntuɓe a kan Rwang,
ya faɗi warwas a kan Nvou.
Aji ya fashe da dariya har kwanon rufi ya amsa.
Mai sunan, 'yar siririya da rigar sanyin yayanta,
ba ta yi dariya ba.
Ta nuna mini taga, duwatsu uku a jere.
Ta ce, kowane malami da ya tafi yana da nasa.

Littafi ya ce a koya musu tafki.
Na zana shi da alli, na yi masa kifi biyu.
Dalyop ya ɗaga hannu ya ce akwai ɗaya a bayan aji,
kore shar, ba kifi, ba a wanka,
gonar kakansa ce kafin masu kuza su zo.
Na duba littafin. Bai san da wannan ba.
Na goge kifin.

Ranar tonon dankali lissafi ya koyar da kansa:
talatin da ɗaya a ɗebe goma sha tara.
Na bi ragowar zuwa gona, ta tsakanin shingen ƙerana,
muka ƙirga buhu, muka raba, muka yi saura,
Mancha da ba ya iya rubuta bakwai
ya kama dillali da kuskuren ɗari biyar.

Da dare sanyi yakan shigo ta ƙasan ƙofa kamar mai bin bashi.
Ngo Kangyang takan aiko da gwaten acca, yana turiri,
da yakuwa da gauta a ciki.
Ba ta taɓa tambayar sunana ba.
Tun ranar da na sauka tambayarta ɗaya ce:
yaushe za ka tafi?
Ba kora ba ce. Tana auna accarta ne.

A mako na huɗu suka fara koya mini gaisuwarsu.
A na biyar na faɗe ta daidai,
wata tsohuwa a bakin rafi ta amsa ba ta ɗago kai ba,
sai da na wuce ta waiwayo.

Sai ga saƙo, a kan dutsen nan guda da waya ke kamawa:
Litinin, wata ruga a Bassa, mako uku.

Mun tsaya a shafi na arba'in da biyu.
Raba dogon lissafi, mun fara ba mu gama ba.
Na rubuta wa Malama Chundung a bayan rajista:
Rwang ba ya gani daga baya, a dawo da shi gaba.
Bot yana jin kunya ne, ba rashin sani ba.
Ragowar abin da na sani bai shiga takarda ba.

Mai acaɓa yana ta matsa ƙaho.
Na leƙa aji in ɗauki hulata,
na tarar da Nvou a bakin taga da dutse a hannu,
tana juya shi, ba ta ajiye ba tukuna.
Na kira sunanta.
Ta ce, saura kaɗan, Malam. Sake faɗa.